Bayani a Kan Gyaran Tsohuwar Motar Soja da Yi Mata Ɗakin Kwana

 

Wata tambaya ta yawaita a rumfunan hatsi, tun daga nan Kademi har Gaya da Ajingi. Mutum ya ga tsohuwar motar soja an fito da ita gwanjo, ko ya same ta kwance a hannun masu tsofaffin ƙarafa, kuɗinta da sauƙi. Sai zuciya ta ce masa: saya ka gyara, ka yanki wani gefe na bodin ka yi ɗakin kwana, ka huta da kwanan rumfa, kana tare da kayanka dare da rana. Shawarar tana da fa'ida, tana kuma iya cinye jarin mutum ƙurmus. Shi ya sa muka ga ya kamata mu shimfiɗa bayaninta daki-daki.

Dabarar ta daɗe da zuwa ƙasar Kano. A shekarun 1970 da 1980 Turawa 'yan yawon buɗe ido sukan sayi Bedford wadda sojan Ingila ya sallama, su sa mata kujeru da akwatunan abinci da tankin ruwa, su keto Sahara ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, su sauka a zangon baƙi na titin Bompai cikin Kano. Hanyar ta mutu a farkon shekarun 1990 saboda tawaye a arewacin Nijar da rikicin Aljeriya. Amma a lura, Bature ya gyara tasa ne don ya kashe kuɗin da ya tara a gida. Mu kuwa nema muka fita. Saboda haka lissafinsa daban, namu daban.

Irin motocin da ake samu

Akwai Bedford RL, wadda aka fara ƙerawa a 1953, injinta na fetur ne. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, mai hatsi ba shi da abin da zai yi da ita, sai fa in zai canza mata inji. Akwai Bedford MK ta wajen 1970 da ƙanwarta MJ, masu shan gas, an yi su don ɗaukar tan 4. Kamfanin Bedford ya bar ƙera manyan motoci tun shekarun 1980, don haka kayan gyaransu sai an sha yawo. Akwai Steyr, wadda aka riƙa haɗawa a Bauchi daga ƙarshen shekarun 1970. Akwai kuma Marsandi mai guntun hanci, irin 911 da 1113, wadda kamfanin Enugu da aka buɗe a 1980 ya ƙara yawaita ta a ƙasar nan. A cikin Marsandi, wadda aka rubuta wa LA ita ce mai ja da tayoyin gaba da na baya. Sauran da baya kaɗai suke ja.

In ka tambaye mu, ka zaɓi wadda injinta ɗaya ne da na motocin haya da ke kan hanya. Motar da kowane bakanike a Wudil ya san cikinta, kayanta kuma suna nan a Ƙofar Ruwa, ta fi wadda za ta kwana wata biyu tana jiran ƙarfe ɗaya.

Takarda kafin ƙarfe

Kada ka ba da ko sisi sai ka ga takardar gwanjo da rasit, ka duba lambar shasi da ta inji da idonka, ka ga sun yi daidai da abin da ke rubuce. Kayan soja ba kamar sauran kaya ba ne. In ta fita ta hanyar da ba ta dace ba, wanda aka kama da ita shi ne ɓarawo, ko da shi ne na biyar a saye.

Sa'an nan abu biyu. Na ɗaya, fenti. Tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula tuƙa mota mai koren fentin soja, hukuncinta tara ko ɗauri. Balle a wannan zamani na shingen bincike, mota mai kamar ta soja da mutane kwance a ciki neman fitina ce. A kankare fentin da duk wata lamba ko alama ta soja, a shafa fari ko shuɗi, a rubuta sabon launin cikin takardun mota. Na biyu, sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, dokar hanya kuma ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Bedford da ta fito daga Ingila yawanci haka take. Juya sitiyarin babbar mota aiki ne mai tsada, in kuwa aka yi shi da ha'inci, rai ake sa wa a caca.

Yadda ake duba ta

Ba a cinikin biri a sama. Ka tafi da bakanikenka, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Dillalin da ke tsakani kuma ya ji tsoron Allah ya faɗi aibin da ya sani, domin ɓoye aibi yana ɓata ciniki, la'adar da aka ci a kansa ba ta da albarka.

A fara da shasi, gama shi ne ƙashin bayan mota. A shiga ƙarƙashi da guduma a bi shi ana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin ya kama da inda laka ke taruwa. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, wanda tsatsa ta ci kuwa sai ka ji shi dum, yana zubar da ɓawo. In shasi ya tsage ko an taɓa yi masa faci a tsakiya, ka yi sallama ka tafi. Inji ana sake shi, giya ana sake ta, shasi in ya tafi motar ta tafi.

Injin da ya shekara a kwance ba a tayar da shi da gaggawa. A juye tsohon baƙin mai, a duba shi. In ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, akwai aiki babba. A wanke tankin gas, don ruwa da dauɗa suna kwantawa a gindinsa, su ne ke kashe famfo da nozul. A sake matatun mai, a juya injin da hannu a ga ko yana zagayawa, sa'an nan a sa batir. In ya tashi, a karanta hayaƙi: shuɗi yana nufin yana ƙona baƙin mai, baƙi gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, farin da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi alamar ruwa ce.

Birki kuwa ba a duba shi don a ga ko zai yi. Sabunta shi ake yi gaba ɗaya, robobi da tiyo da duk abin da ke ruɓewa. In na iska ne, a buɗe tulun iskar a zubar da ruwan da ya taru, a ga ko tsatsa ta ci shi. Taya ma haka. Motar soja takan zo da taya mai zane sabo ful, alhali shekaru sun busar da ita. A gefen taya akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka tambayi kuɗin irin girmanta a kasuwa tun kafin ka saya, don tayoyi kaɗai suna iya kai kuɗin motar.

Kada a manta da giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Saboda ita ake sayen motar. A gwada ta cikin rairayi a ga tayoyin gaba suna ja. In ba sa ja, ka sayi motar haya ce mai nauyin banza da yawan shan mai. Haka nan a sani, da yawa daga motocin soja wutarsu 24 ce, batir biyu ake haɗawa, tsofaffin Bedford kuma kusoshinsu na inci ne, sifanar Marsandi ba ta kama su daidai.

Lissafin buhu

To, ga inda maganar take. Mu yi lissafi da buhu, tun da naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Buhun gero mai tiya 40 yana kai wajen kilo 100. Mota mai tan 4 ke nan buhu 40 ne ƙa'idarta. Fili ba ya ƙarewa a bodinta, nauyi ne ke ƙarewa. Mu ƙaddara ɗakin, da katakonsa da ƙarfensa da katifa da kayan girki, ya kai rabin tan. Buhu 5 sun sauka. Duro ɗaya na ruwa mai lita 200, buhu 2 ne. Saura 33. Man da za ta sha da buhu 33 shi ne za ta sha da 40, direba da yaron mota kuma ba za su rage kuɗinsu ba. In kana sawu biyu a mako, kuɗin dakon buhu 14 kake biya duk mako haya ga ɗakin nan. Wanda ya ce zai rufe giɓin da ƙarin lodi, sifirin da birki za su karɓi kuɗin a hannunsa.

Ɗaya gefen kuma, ka lissafa abin da ɗakin ke tsare maka: kuɗin masauki, kuɗin mai gadi, buhun da ake farkewa da dare, da fa'idar wayar gari a bakin kasuwa kafin wasu su iso. Mai bin kasuwanni a jere, Alhamis yana Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Gujungu, yana iya cin ribar ɗakin. Wanda ke kwana gida kullum ba ya bukatarsa.

A kan kwalta kuwa kada ka yi gasa da ita. Daga Gaya ta Wudil zuwa Dawanau, tirela mai tan 30 tana ɗaukar buhu 300 da direba ɗaya, dakonta a kan kowane buhu ya fi naka araha nesa ba kusa ba. Ribar motar soja tana inda kwalta ta ƙare: ƙauyukan da ke bayan rairayi da fadama, musamman farkon damina, lokacin da manomi ke buɗe rumbu don ya sayi taki ya biya 'yan ƙwadago, ƙananan motoci kuma sun daina shiga saboda laka. Ta kwaso daga can ta kawo bakin titi, manya su ɗauka. Wannan shi ne aikinta.

Ginin ɗakin

Ɗakin ya zama ƙarami, a bayan kan mota. Faɗin bodin ya fi tsayin mutum, saboda haka gado a gicciye ake yin sa, ƙafa uku zuwa huɗu na tsawon bodin sun isa, a yi gado biyu sama da ƙasa. Mafi kyau a yi shi kamar akwati mai kusoshi, wanda za a sauke da kaka in lodi ya yi yawa, a mayar in an shiga yawon kasuwanni.

Kada mai walda ya like ɗakin a jikin shasi, kada kuma ya huda shasin yadda ya ga dama. Shasin motar soja an yi shi ya riƙa murɗawa in ta shiga kwazazzabo. In aka ɗaure shi da akwatin ƙarfe, ɗayansu sai ya tsage. A shimfiɗa katako mai ƙwari tsakani, a ɗaure da maɗauran da ke ba da ɗan motsi. Abu mai nauyi, kamar tankin ruwa da batir da jak, a ƙasa ake sa shi, kusa da gaba. In aka ɗora shi a rufi, motar da ma doguwa ce, kwana ɗaya mai kaifi ya isa ta kife.

Saboda zafi, a yi rufi biyu da iska tsakani, a shafa masa fari, a yi taga biyu masu kallon juna da ragar sauro. Faranti ɗaya na sola da batirinsa daban ya isa fitila da fanka da cajin waya. Kada a ja daga batirin mota, don kada asuba ta yi ta ƙi tashi.

Gargaɗi biyu da suka shafi rai

Na farko ya fi shafarmu mu masu hatsi. Ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhun wake da masara, irin Phostoxin, iska mai guba take fitarwa, tana kuma ratsa buhu da tsagar katako. Mutum yana barci za ta kashe shi. Bangon da ke tsakanin ɗaki da kaya ya zama ƙarfe a like ba ƙofa ba taga, kuma duk da haka, ranar da aka ɗauko kayan da aka sa wa magani kwanan nan, kowa ya kwana a waje nesa da mota.

Na biyu, gawayi da janareto. Kada a shiga da kaskon wuta ɗaki lokacin hunturu a rufe ƙofa, kada a bar inji yana aiki ana kwance. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari. Girki a ƙasa, nesa da tankin mai. Wurin kwana kuma ya zama tasha, ko bakin kasuwa inda akwai masu gadi, ko ƙofar gidan mai gari bayan an yi sallama. Ɗaki a mota bai mayar da daji gida ba.

Shawararmu ta ƙarshe

Kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗi a wannan sha'ani. Wanda zai taɓa jarin hatsinsa don gyara, ya haƙura, gama mota ba ta da amfani ga wanda ba shi da abin ɗora mata. Wanda ke da rara, ko mutum uku da za su haɗa hannu da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu, su bi tsarin nan: takarda, shasi, birki, taya, inji, bodi. Ta yi damina ɗaya tana dako a ga halinta, ta mayar da wani abu. Sa'an nan a kira kafinta a yi maganar ɗaki.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.