Ƙarya Ta Bar Kasuwa Ta Shige Zaure

Mutanenmu na Gadarif ta Sudan suna ta janye jiki daga Facebook. Wanda a da ba ya kwana bai faɗi ra'ayinsa ba, yanzu shafinsa ya koma na ta'aziyya da barka da Juma'a. Maganar gaske ta koma zaurukan WhatsApp da tashoshin Telegram: zauren dangi, na unguwa, na dillalan riɗi da dawa, na waɗanda suka gudo daga Wad Madani da Sinja.

Ban ga laifin wanda ya janye ba. Dokar laifukan intanet ta 2018, wadda aka tsananta hukuncinta a 2020, tana nan da ranta, kuma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, layi biyu da ka rubuta a fili na iya jawo maka tambayar da ba ka da amsarta. Ga tsadar data, ga layin da ke zuwa yana ɗaukewa; saƙon murya yakan lallaɓa ya wuce inda Facebook ya ƙi buɗewa. Ga kuma zagin da Bahaushen Sudan ya sha a bainar jama'a, ana kiran mutumin da kakansa ya yi noma a bakin Rahad baƙo. Ko Turawa, da Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022, da yawansu sun koma Mastodon, inda kowace jama'a ke riƙe da dandalinta da dokokinta. Kowa yana son ya yi magana cikin nasa. Kuma zaurukan nan sun yi rana: da su aka gano ɓatattu, da su aka tara kuɗi ta manhajar Bankak aka ɗora tukunya a takaya, wuraren ciyar da mabuƙata.

Amma akwai abin da ke yaɗuwa a cikinsu, kuma in ba a tashi tsaye ba zai ci rayuka.

Ƙaryar da aka rubuta a fili tana da mai ƙaryata ta. Ɗan jarida zai gani, mutumin garin da aka ambata zai ce ina nan, ba a yi ba. A zauren dangi wa zai buɗe baki? In Kawu ne ya turo, kunya ta ɗaure kowa. In Malam ne, sai dai a bi da "Allah ya kyauta". Kamfanin kansa ba ya ganin abin da ke ciki, domin saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, na Telegram har 200,000. Sannan waɗanda aka kora daga fili ba su daina aiki ba. Kamfanin Meta mai Facebook ya cire shafukan dakarun RSF a Agustan 2023, X (tsohon Twitter) ya dakatar da na shugabansu Hamidti a Oktoban 2024, amma farfagandarsu ta ci gaba a Telegram. Daga can ake gutsuro bidiyo, a cire kwanan wata da sunan wuri, a jefo mana. Kowane ɓangare na yaƙin nan yana da masu yi masa wannan aiki, kada wani ya ruɗe ku.

Ku dubi yadda abin yake zuwa. Bayan sallar Isha'i waya ta yi ƙara. Murya ce ta namiji, yana haki, ya fara da rantsuwa: wallahi yanzu wani na kusa da manya ya gaya masa an ga motoci sun nufo gari, a kwashe mata da yara. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda yake tsaye ba. A saman saƙon ga 'yar alamar nan mai nuna an tura shi sau da yawa, amma Inna ba ta karanta alama, murya take ji, kuma da harshenta ake magana. Kafin asuba ta ɗaure kaya, wani ya karyar da buhunan riɗinsa a farashin banza, alhali muryar ta bara ce, game da wani gari dabam.

Wannan ma mai sauƙi ne. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne jerin sunaye. A ɗauko hoton matashi, a zana masa jan da'ira a fuska, a rubuta "muta'awin", wato mai haɗa baki da abokan gaba, a ce a yaɗa. Wa ya bincika? Wataƙila rikicin gona ne, wataƙila bashi, wataƙila neman aure. A wannan zamani irin wannan zargi kisa yake yi. A Janairun 2025, a Kambo Tayba ta jihar Jazira, an kashe aƙalla mutum 26 kamar yadda Human Rights Watch ta ruwaito, cikin al'ummomin da ake jifa da zargin mara wa RSF baya.

Mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron wannan. A Yulin 2022 rikicin Blue Nile tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, wanda ya taso kan batun ƙasa da sarautar gargajiya, ya ci sama da mutum 100, kuma kalaman ƙiyayya a waya sun rura shi. Fushin ya kai Kassala, inda aka ƙone ofisoshin gwamnati, mu ma a Gadarif an fito zanga-zanga. A Oktoba kuma aka rasa kusan 200 a yankin Wad al-Mahi. Tun daga zuri'ar Mai Wurno da suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903 har zuwa alhazan da suka yada zango suka zauna, zamanmu a ƙasar nan ya dogara ne da amana tsakaninmu da maƙwabta. Saƙon murya ɗaya mai kiran a ɗauki makami a kan wata ƙabila, in ya fita daga zaurenmu aka fassara shi da Larabci, unguwa guda ce za ta biya.

Zai kuma fita. Wanda ya ɗauka zaure sirri ne yana yaudarar kansa. Mutum ɗari uku, rabinsu lambobin da ba ka sani ba, ɗaya ya isa ya ɗauki hoton allo. A shingen bincike ana karɓar waya a duba, kuma ba wanda zai tambayi wanda ya fara ƙirƙiro saƙon, na hannunka za a gani.

Ku shugabannin zauruka, ku ne masu gida. Ku goge duk muryar da ba ta da mai ita, ku hana jerin sunaye ko daga wa ya fito, ku fitar da lambar da ba wanda zai tsaya mata. Malamanmu, ku tunatar a huɗuba da umarnin tantance labari da ke cikin Suratul Hujurat, ku kuma ambaci waya da sunanta don a san da ita ake. Matasa, in Kawu ya turo abin da ba shi da tushe, ku kira shi a keɓe, cikin ladabi, ku ce: "Kawu, mu buga wa mutanen garin mu ji tukuna." Kusan kowannenmu yana da ɗan'uwa a Fau ko Hawata ko Gallabat, kuma kira ɗaya ya isa a san ko an ga motocin.