Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Littattafan Zane na Ajame da Tireshbil

Kwanakin baya mun je gaisuwar rasuwa a wani gida na 'yan'uwanmu a Tireshbil. Marigayin tela ne, ya yi sama da shekara 50 a Abijan. Muna zaune a tsakar gida sai muka ga wata adaka a buɗe, babu kome ciki sai ɗan guntun bango mai launi. Da muka tambaya, babban ɗansa ya ce, "Ai takardun Baba ne, Kawu, tsofaffin mujallu da littattafan zane. Ɗakin muke so, shi ya sa muka auna wa mai gyaɗa a kilo." Muka ce a kira mai gyaɗa. Ko da aka same ta, ta riga ta ƙulle gyaɗa da fiye da rabi. Abin da muka ceto bai wuce shafi 30 ba na Ivoire Dimanche, kuma a cikinsu ga Monsieur Zézé nan da hularsa, yana zuba irin Faransancin da iyayenmu suka yi ciniki da shi a garin nan.

Wannan abu shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana da ku masu karatu a kan littattafan zane, waɗanda 'yan lakwal ke kira bede. Mun san da yawa daga cikinku za su ce wannan ai wasan yara ne. To, ku ɗan yi mana haƙuri ku ji.

Zamanin Zembla da Akim

Duk wanda ya tashi a Ajame ko Tireshbil tsakanin shekarun 1960 da 1980 ya san ƙananan littattafan nan masu shiga aljihu, bango mai launi, ciki baƙi da fari. Akwai Akim, wanda aka fara bugawa da Faransanci a 1958. Akwai Zembla, na kamfanin Lug da ke birnin Liyon, tun 1963. Akwai Blek le Roc da ke fitowa cikin Kiwi tun 1955, ga kuma Rodéo mai labarin kaboyi. Galibin masu zana su 'yan Italiya ne, a Faransa ake buga su, a kawo su Abijan.

Kaɗan ne a cikinmu suka taɓa sayen sabo. Wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa muke zuwa, kusa da tashar mota ta Ajame ko bakin gidajen silima. Ka kawo naka biyu ka karɓi ɗaya, ko ka ba da 'yan daloli a ba ka haya zuwa gobe. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma kafin ya dawo, bango ya tafi, shafin ƙarshe ya yage, sai wanda ya riga ka karantawa ya ba ka ƙarshen labari da baki.

Gaskiya ita ce yawancinmu a gida Hausa muke yi, a kasuwa Julanci, Faransanci kuwa sai a aji, inda kuskure ke jawo bulala. A cikin littattafan nan ne muka saba da karatun Faransanci ba tare da tsoron mushe ba, domin idan kalma ta gagare ka hoto zai gaya maka ma'anarta. Amma kada mu ɓoye aibinsu. Akim da Zembla Turawa ne da aka naɗa sarakunan daji, irin Tarzan, baƙar fata kuwa sai dai ya bi bayansu. Mujallar Kouakou ce, wadda aka buga a Paris daga 1966 zuwa 1998 domin yaran Afirka, ta ba mu jarumi yaro baƙi kamarmu.

Sai kuma a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake kawowa daga Faransa ya yi tsada, har da littattafai. Talabijin da bidiyo suka janye yara, daga baya wayar hannu ta ƙarasa aikin.

Waɗanda aka haifa a nan

Idan ana maganar abin da ya fi cancantar adanawa, to na gida ne. Mujallar mako-mako ta Ivoire Dimanche, wadda ta soma fitowa a 1971, ita ce ta buɗe wannan ƙofa. A 1973 ta fito da Dago, ɗan ƙauyen da ya shigo Abijan yana ta karo da dabarun 'yan birni, zanen wani mai sa hannu da suna Maïga. A 1978 kuma Lacombe ya kawo Monsieur Zézé, wanda ya yi kamar shekara 10 yana fitowa. Mutanen nan biyu ba sa jin Faransancin littafi. Suna magana ne da Faransancin titi, har masu nazarin harshe suka riƙa kiran irin wannan magana Faransancin Dago, ko Faransancin Musa, saboda wani fili na mujallar mai wannan suna.

A nan ne abin ya shafe mu. Baƙon da ya sauka a tashar Ajame da ƙullin kayansa, bai san kowa ba, ɗan damfara na jiransa, mai gidan haya na jiransa, wa ya fi mu saninsa? Iyayenmu da suka zo daga Tawa, Maradi, Dogonduci, Sakkwato ko Katsina sun bi ta wannan hanya. Wanda ke son ya ga yadda Abijan take a wancan zamani, da gbaka da kasuwa da gidan haya mai tsakar gida ɗaya, da yadda talaka ke magana da ɗan sanda, zai samu a shafukan nan abin da littafin tarihi bai rubuta ba. Mujallar ta daina fitowa wajen 1990, saboda haka duk kwafin da ya tafi ƙunshin gyaɗa babu mai buga madadinsa.

A Janairun 1999 Lassane Zohoré da Illary Simplice da abokansu suka kafa jaridar barkwanci ta Gbich!, sunan da ke kwaikwayon ƙarar naushi. Ita ta ba mu Cauphy Gombo, ɗan buga-bugar da ba ya tausayi in dai ciniki ne, da Tommy Lapoasse mai rashin sa'a, da Sergent Deutogo, wanda sunansa ma na nufin sefa 200, wato dala 40 da ake miƙawa a bakin hanya. Cikin shekarun da ƙasa ta shiga wahala, daga juyin mulkin Disamban 1999 zuwa rikicin 2002 da na 2010 zuwa 2011, mutane sun samu abin dariya a shafukanta. Masu zanen ƙasar nan sun kuma kafa ƙungiyar Tache d'Encre, wadda ta fara bikin Coco Bulles a Garan Basam a 2001.

Daga nan zanen Abijan ya ƙetare teku. Marguerite Abouet, wadda aka haifa a Abijan a 1971, ta rubuta Aya de Yopougon, Clément Oubrerie ya zana, kamfanin Gallimard ya buga kashi na farko a 2005. A 2006 littafin ya ci kyautar littafin farko a bikin Angulem na Faransa, aka fassara shi cikin harsuna da dama, aka mai da shi fim a 2013. Ƙungiyar da marubuciyar ta kafa, Des livres pour tous, ta buɗe ɗakunan karatu na yara a unguwanninmu biyu, Ajame da Tireshbil.

Maganar kuɗi

Mun san tambayar da ke bakin ɗan kasuwa: nawa ake saye? A ƙasashen Turawa tara littattafan zane sana'a ce babba. A Janairun 2021 gidan gwanjon Artcurial a Paris ya sayar da wani zane guda na Hergé, mai Tintin, a kan kusan Yuro miliyan 3.2, wato sama da sefa biliyan 2. Zanen bango ne da ya yi a 1936, mai ɗab'i ya ce buga shi zai yi tsada, takardar ta yi shekaru a naɗe cikin aljihun tebur. A Amurka kuma, a Afrilun 2024, an sayar da kwafi ɗaya na Action Comics mai lamba 1, na 1938, inda Superman ya fara bayyana, a kan dalar Amurka miliyan 6.

Kada wannan ya ruɗe mu. Zembla da Akim an buga su da yawan gaske, saboda haka galibin lambobinsu kuɗi kaɗan ne ko a Faransa, balle wanda ya sha hannu a Ajame. Duk wanda ya bugo maka waya ya ce littafinka na miliyoyi ne, amma ka fara aiko da kuɗin takarda, ka san ko wane ne. Mun zauna a Abijan, mun san 'yan wannan sana'a.

Abubuwa huɗu ke sa wa littafi daraja wurin masu tarawa. Na farko ƙarancinsa. Na biyu lafiyarsa: bango na nan, shafuka cikakku, babu rubutu babu yagewa. Na uku ya zama bugun farko ko lamba ta ɗaya. Na huɗu a samu masu nemansa. Jeri cikakke, daga lamba kaza zuwa kaza babu giɓi, ya fi tarin da aka tsinto nan da can.

Sama da duk waɗannan akwai ainihin zanen hannu, wato takarda mai kauri da mai zane ya yi aikinsa a kai da fensir da tawada kafin a kai maɗaba'a. Jarida dubbai ake bugawa, wannan kuwa guda ɗaya ce tak a duniya. Sau da yawa za ka ga alamar fensir a ƙarƙashin tawada, da farin fenti inda aka gyara kuskure, da rubutu a gefe zuwa ga mai ɗab'i. Yanzu da masu zane da yawa suka koma aiki a kwamfuta, irin wannan takarda sai ƙara wuya take yi. Wanda mahaifinsa ya yi aiki a maɗaba'a ko gidan jarida ya duba kayansa da kyau.

Abokan gaban takarda

Abijan ba garin takarda ba ne. A Maradi ko Kano littafi kan yi shekaru a ɗaki a bushe. A nan ga teku ga tafki, ga ruwan Yuni mai shiga ɗakuna, ga fumfuna da gara da kyankyaso. Ƙarfen da aka ɗinke mujalla da shi yakan yi tsatsa ya ci takarda. Ga gobara: babbar kasuwar Tireshbil ta ƙone a 1997, 'yan kasuwa da yawa suka tashi babu kome. Ga rusau, irin wanda aka yi a 2024 a unguwanni da dama har da wani sashe na Ajame, inda mutum ke kwashe katifa da tukunya ya bar takarda. Amma wanda ya fi su duka ɓarna shi ne ma'aunin kilo, kuma mu faɗi gaskiya, masu ƙunshe tsire da gyaɗa da ƙosai da yawansu mutanenmu ne.

Rigakafi ya fi magani. Ga abin da muke ba da shawara. A ɗaga adaka daga ƙasa a kan katako, a nisanta ta da bango da kuma zafin kwanon rufi. Kada a ƙulle littafi a leda yana da danshi. Idan iskar hunturu ta zo a Disamba ko Janairu, a fito da su su sha iska a inuwa, banda rana domin tana cinye launi. Kada a liƙe yagewa da salatif, domin bayan shekaru yakan bar tabo mai ruwan ƙasa. Kada a kai a manne shafi cikin roba kamar katin shaida, masu tarawa ba sa sayen irin wannan. A samu littafin rubutu a jera suna da lamba da shekara. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, in takarda ta salwanta labari ya tsira.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake sun bi hanyar goro da littattafansu cikin gafaka, sun kare su daga ruwa da gara, shi ya sa har yau ake karanta rubuce-rubucen ajami na fiye da shekara 100. Wanda ya gaji wannan bai kamata a koya masa darajar takarda ba.

Kira ga jama'a

Muna roƙon iyaye mata, tunda su ne masu gyaran ɗaki, kafin a ba mai gyaɗa takarda a nuna wa wani ɗan lakwal ya duba. Muna roƙon 'yan'uwanmu masu tsire da masu garba da masu ƙosai, in an kawo muku tsofaffin mujallu a kilo, ku ware duk mai zane a gefe. Wanda ba shi da wurin ajiya ya nemi ɗakin karatu ko makarantar unguwa ya ba su, ko ya rubuto wa wannan fili mu haɗa shi da mai so. Shugabannin ƙungiyoyinmu na Ajame da Tireshbil kuma, kabad guda mai makulli a ofishin ƙungiya ya isa a fara.

Matasanmu masu hannun zane, ku ma da ku muke. An zana Dago, an zana Zézé, an zana Aya ta Yopugon. Labarin yaron da ya bar Tawa ya zo ya kafa rumfar garba, har abincin ya ɗauki sunan Bahaushe a bakin duk mutanen Kodibuwa, yana nan yana jiran alƙalami. In kun zana, ku sa hannu, ku sa kwanan wata, ku adana ainihin takardar.

Shafuka 30 ɗin nan da muka ceto mun mayar wa iyalan marigayi. Ƙaramar jikarsa ta zauna tana karanta Zézé da ƙarfi, kakarta tana dariya tana cewa haka malam yake magana in ya je sayen yadi. Allah ya jiƙansa, ya kuma ba mu ikon riƙe abin da magabata suka bar mana. Sai mun ji daga gare ku.