Kasuwar Wuse da Yadda Ake Gano Shagon Gida a Tsohon Hoto

Kasuwar Wuse tana Shiyya ta 5 ta unguwar Wuse, dab da titin Herbert Macaulay, kuma tana cikin manyan kasuwannin Abuja. Ba tsohuwar kasuwa ba ce irin Kurmi ta Kano. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar ƙirƙiro sabon babban birni, daga baya aka tashi mazauna ƙauyen Wuse, galibinsu Gbagyi, aka kai su Sabon Wuse a Jihar Neja. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Kasuwar ta girma ne tare da ma'aikatan da suka biyo bayan ofisoshinsu daga Legas, don haka akwai masu rai da yawa da suka ga tasowarta.

An gina shagunanta a jere, rukuni-rukuni, kowane da lambarsa, kuma masu sana'a ɗaya sukan taru a layi ɗaya. Akwai layin 'yan atamfa da leshi da shadda, ga 'yan gwal, ga masu takalma da jakunkuna da akwatuna. Teloli da masu kitso da lalle suna da nasu wurin, haka mahauta da masu kayan miya, hatsi da busasshen kifi. Hausawa sun yi fice a harkar gwal, yadi, turare da kilishi, Ibo da Yarabawa kuma suna da ƙarfi a tufafi da kayan masarufi. 'Yan baro ne ke haɗa layukan da bakin ƙofa. Yawancin kayan sari ne daga Kantin Kwari a Kano, ko Legas, Anaca da Aba, wasu kuma daga Dubai da Sin.

Iyalin da ya tsinci hoton wani shago, yana zaton na mahaifinsa ne ko na kakansa, yakan fara da gano lokacin da aka ɗauke shi. Lambar wayar da ke kan allon shagon babbar shaida ce. Idan ta wayar tebur ce mai farawa da 09, layin Abuja ne, irin na NITEL. Idan ta fara da 0803 ko 0802, ba a ɗauki hoton kafin 2001 ba, shekarar da MTN da Econet suka fara aiki, Glo kuwa sai 2003. Laimar masu sayar da katin waya ta fi haka taƙaita lokaci, domin kamfani ɗaya ya yi ta sauya suna: Econet ya koma Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010.

Kuɗin da ke hannun mai ciniki ma suna faɗin shekara. Takardar naira 100 ta fito a 1999, ta 200 a 2000, ta 500 a 2001, ta 1,000 a 2005. Kalandar banki a jikin bango tana da amfani, tunda haɗewar bankuna ta 2005 ta rage su daga 89 zuwa 25, sunaye da dama suka ɓace. Idan an hango 'yan acaɓa sun yi layi a bakin ƙofa, akwai alamar hoton ya riga 2006, lokacin da aka hana su aiki a tsakiyar birni. A bayan hoto kuma akan sami hatimin mai ɗauka ko kwanan watan wanki.

Gano wurin ya fi gano shekarar wuya. Tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, an rushe gine-gine masu yawa da suka saɓa wa taswirar birnin, kasuwanni ma ba su tsira ba. Rumfunan katako da na kwano da ake maƙalawa a jikin shaguna su ne suka fi saurin gushewa. Gobara ita ma tana sauya kamannin layi, kamar wadda ta tashi a Maris 2024. Saboda haka ba a dogara da fenti ko rumfa. Abin da ake dubawa shi ne wanda ba ya ƙaura: kwanar gini, matattakala, magudanar ruwa, hasumiyar masallaci, ko benen da ya leƙo daga bayan katanga.

Daga nan sai takardu. Takardar rabon shago da rasit ɗin haraji suna ɗauke da lambar rukuni da ta shago, kuma ana iya gwada su da bayanan kamfanin Abuja Markets Management Limited, wanda ke gudanar da kasuwar. Idan allon yana da sunan kasuwanci, akan neme shi a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wadda aka kafa a 1990. Sai dai sunan da ke takarda sau da yawa na wanda aka bai wa shagon ne tun farko, mai zama a ciki kuwa ɗan haya ne, ko wanda ya saya ba a sauya suna ba.

Wannan giɓin mutanen kasuwa ne ke cike shi. Ba a cika sanin ɗan kasuwa da sunan allonsa ba, an fi saninsa da laƙabi, da garinsu, da hajarsa. Shugabannin ƙungiyar layi, dattawan masallaci, tsofaffin 'yan dako, da yaran shago da ubangidansu ya sallama suka buɗe nasu, su ne ke tuna wa ya zauna kusa da wa. Ana nuna hoton ga mutum biyu ko uku, kowa daban, ba tare da an faɗa masa sunan da ake zato ba. Idan shekarar hoto, lambar takarda da shaidar maƙwabta suka dace, an tabbatar da shagon. Idan ɗaya ya saɓa, sai a rubuta shi a matsayin zato har a sami ƙarin hujja.