Kada Mu Manta da Namijin Tarwada

'Yan'uwa manoma, tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, kifi ya zama abin neman kuɗi a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada. Yanzu waɗansu ƙungiyoyinmu suna so su ƙyanƙyashe 'ya'yan tarwada da kansu maimakon saye. Amma sai ka ga ƙwan ya yi fari fat, ya ruɓe, kuɗin allura ya tafi a banza. Nan da nan a ɗora wa macen laifi. Sau da yawa kuwa daga wajen namiji ɓarnar take.

Ga dalili. Macen tarwada, in an yi mata allurar Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta, bayan kamar awa 10 zuwa 12 ana matsa cikinta ƙwai ya zubo. Namiji kuwa ba ya matsuwa, sai an yanka shi an ciro marainansa. Maniyyin nan a kwance yake, ba ya motsi sai ruwa ya taɓa shi. Da ya taɓa shi, ƙarfinsa ba ya wuce kamar minti ɗaya. Ɗigon ruwa guda a kwano ya isa ya lalata aikin.

To, ga abin da za mu yi:

1. A zaɓi namijin da ya cika shekara, lafiyayye, wanda aka ciyar sosai. Kada a haɗa wa da ƙanwa.
2. A duba marainan. Nagari farare ne, cike tam kamar da madara.
3. Hannu da kwano da reza duk su bushe sarai.
4. A tatse maniyyin cikin ruwan gishiri, giram 9 a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a ajiye a wuri mai sanyi.
5. A haɗa na maza biyu ko uku, domin in ɗaya ya gaza, ɗaya ya cika.
6. A zuba a kan ƙwan, sa'an nan a ƙara ruwa, a juya a hankali da gashin kaza minti ɗaya.

Mutanen Doguwa su lura: sanyin hunturu yana jinkirta ƙyanƙyasa. Ruwa mai ɗumin digiri 27 zuwa 30 ake so, ƙwan ya fashe bayan kamar kwana ɗaya.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. Akwai wani babban kifi, sitajin, a Tekun Kasfiya da kogunan Turai da Asiya da Amurka. A 2022 ƙungiyar IUCN ta sanar cewa dukan iri 26 da suka rage suna cikin haɗarin ƙarewa. Masu kiwonsa sukan auna motsin maniyyi kafin su yi aiki da shi, har su daskarar da na maza nagari domin gaba.

Mu ma kowace ƙungiya ta ware mazanta nagari tun yanzu, ta riƙa ciyar da su kamar yadda ake yi wa bijimin noma.