Karatu a ƙetare: Ɗan Norwe na tafiya da gwamnatinsa, ɗan Gombe na tafiya da gonar mahaifinsa

Akwai gidaje a Jekadafari da Pantami da Bolari da Tudun Wada, a cikin garin Gombe, waɗanda farashin Dala ya fi farashin masara tayar musu da hankali. Masu gidajen ba 'yan canji ba ne, ba kuma masu sayo kaya daga Dubai ba. Iyaye ne da ke da ɗa ko 'ya a wata jami'a a Alƙahira, ko Indiya, ko Saifurus, ko Ingila. Maigida yakan dawo daga sallar asuba ya ɗauki waya ya duba nawa Dala ta kwana, domin abin da ta kwana shi zai nuna masa ko buhunan da ya ajiye a kasuwar Tudun Hatsi za su biya kuɗin zangon karatu, ko sai an haɗa da bijimi, ko kuwa sai an taɓa filin nan na Tumfure da aka daɗe ana tanadi.

A can inda yaron yake, mai yiwuwa wanda ke zaune kusa da shi a aji ɗan wata ƙasa ce daga ƙuryar arewacin Turai, wato Norwe, Suwidin, Danmak, Finlan ko Aislan. A Jami'ar Debrecen da ke Hangari, alal misali, inda 'yan Najeriya da dama ke karatun likitanci, 'yan Norwe da 'yan Aislan ma sun daɗe suna zuwa. Littafi ɗaya suke karantawa, malami ɗaya ke yi musu jarrabawa. Abin da ya raba su shi ne wanda zai ɗauki asara idan tafiya ta ɓaci.

Abin mamaki, dalilin fitarsu kusan ɗaya ne. Norwe ƙasa ce mai mutum kimanin miliyan 5.5, kuma shekaru da dama jami'o'i huɗu ne ke yaye mata likitoci, a Oslo da Bergen da Trondheim da Tromso. Guraben ba sa isar masu nema, saboda haka matasanta suke kwarara zuwa Polan da Hangari da Sulobakiya. Wani kwamiti da gwamnatin ƙasar ta kafa ya bayyana a rahotonsa na 2019 cewa kusan rabin 'yan Norwe masu karatun likitanci a waje suke yin sa. Duk wanda ya ga yadda ake rububin gurbin likitanci a Jami'ar Jihar Gombe, wadda ɗalibanta ke koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke garin, ya san irin wannan ƙunci. Yaro ya ci jarrabawa, maki ya yi kyau, amma kujera ta ƙare.

Daga nan hanyoyin suke rabuwa. Ɗan Norwe yana da wata hukuma mai suna Lånekassen, asusun gwamnati na bai wa ɗalibai rance da tallafi. Idan ya samu gurbi a jami'ar da hukumomin ƙasarsa suka amince da ita, kuɗin da zai samu a gida su ne za su bi shi waje, a ƙara masa da na makaranta, da na tafiya, har da na koyon harshen ƙasar da zai zauna in da buƙata. Kuɗin ci da sha da masauki ana ba shi ne a matsayin rance, amma idan ba a gidan iyayensa yake zaune ba, kuma ya ci jarrabawarsa, za a iya mayar da har kashi 40 cikin 100 su zama kyauta. Akwai ma tsarin daidaita tallafin kuɗin makaranta da yadda canjin kuɗi ya motsa. Suwidin tana da irin wannan hukuma mai suna CSN, a Danmak ana kiran tsarin SU, a Finlan kuma hukumar Kela ce ke biya. Ba alfarma ba ce da sai an san wani a ma'aikata. Haƙƙi ne da doka ta rubuta, yana kuma shiga asusun ɗalibi a ranar da aka ce zai shiga.

Za a ce ai Norwe ƙasar mai ce, kuɗi ne ya yi mata yawa. Sai dai an kafa Lånekassen a 1947, shekara biyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙasar ke farfaɗowa daga mamayar Jamus, kuma sai a 1969 ta gano man da ya azurta ta. Najeriya ta riga ta da shekara 13, tun rijiyar Oloibiri ta 1956. Ɗaliban Norwe da ke waje ma sun kafa ƙungiyarsu, ANSA, a shekarar ta 1956, kuma har yau ita ke yi musu magana a gaban gwamnati, tana shirya musu inshora, tana ba masu shirin fita shawara.

Wannan ba ya nufin ɗan arewacin Turai a kan katifa yake karatu. Yana dawowa gida da bashi a wuyansa, wani lokaci mai nauyi, wanda zai shafe shekaru yana biya. Da darajar kuɗin Norwe ta faɗi a 2023, ɗalibansu a Ingila da Amurka sun koka ƙwarai. Kaɗaici da baƙon harshe ba su san launin fata ba, wanda kuma ya yi likitanci a Polan sai ya koyi harshen Polan kafin ya iya tambayar tsohuwa inda ke mata ciwo. Amma wahalarsa tana da iyaka: da wuya ka ji an kore shi daga aji saboda kuɗi sun maƙale a hanya, ko ka ji mahaifinsa ya sayar da gida.

Mutanen Gombe ba baƙin fita neman ilmi ba ne. Modibbo Buba Yero, wanda ya kafa masarautar a 1804, sai da ya yi tattaki zuwa ƙasar Gobir ya zauna a gaban Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya dawo da tuta. A ƙasar Gombe kuma aka yi yaƙin Burmi, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a ranar 27 ga Yulin 1903. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka yada zango a bakin kogin Nilu a Sudan, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Hanyar alhazai ta ƙasa ita ma ta nan ta bi. Shi ya sa idan uba a Gombe ya ce zai tura 'yarsa Sudan karatu, ba ya jin kamar ya jefa ta a duhu. Ƙasar Musulmi ce, akwai Hausawa da Fulani, kuɗin makaranta da sauƙi idan aka kwatanta da Turai, kuma Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Kartum ta yaye 'yan Arewa masu yawa. A zamanin nan ma ɗan garin, Farfesa Isa Ali Pantami, a Jami'ar Robert Gordon da ke Aberdeen ya yi digirinsa na uku, ya koyar a Jami'ar Musulunci ta Madina kafin ya dawo ya riƙe NITDA a 2016, daga baya ya zama minista. Irin waɗannan misalai su ne ke ƙarfafa wa iyaye gwiwa.

Sai ga ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Faɗa ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo. Dubban ɗaliban Najeriya, mafi yawansu 'yan Arewa, har da 'ya'yan Gombe, suka yi Ƙaramar Sallah a ɗakunan kwana suna jin ƙarar harsashi, ga ƙarancin ruwa, ga wuta ta ɗauke, ga bankuna a rufe. Gwamnatin Tarayya ta ce ta ware Dala miliyan 1.2 domin hayar motocin safa 40. Motocin farko sun tashi ranar 26 ga Afrilu, suka ratsa hamada tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa iyakar Masar, inda ɗaliban suka shafe kwanaki a fili suna jiran a buɗe musu ƙofa. Sai a daren 3 ga Mayu rukunin farko ya sauka a Abuja, cikin jirgin Air Peace da na sojan sama. Wasu ta Port Sudan aka kwaso su. Kafin tsakiyar watan an dawo da mutum sama da 2,500.

An tsira da rai, wannan abin godiya ne. Amma ɗalibin da ya kai aji huɗu ko biyar a likitanci ya dawo ne da jaka ɗaya, takardun sakamakonsa suna can a ofishin da babu mai buɗewa. Hukumar JAMB ta fitar da ƙa'idojin da za a bi a shigar da irinsu jami'o'in gida, sai dai guraben likitanci a ƙidaye suke, su ne ma suka kori yaron tun farko. Wasu jihohi sun ɗauki nauyin mayar da ɗaliban da suka tura zuwa wasu ƙasashe. Wanda mahaifinsa ne ya tura shi kuwa, mahaifin ne zai sake lale. Shekara guda kafin haka 'yan uwansu da ke Yukren sun sha irin wannan, har Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, MDCN, ta sanar a 2022 cewa ba za ta karɓi karatun likitancin da aka ƙarasa ta intanet ba.

Wata guda bayan saukar jiragen, wani yaƙin ya zo, wanda babu bindiga a cikinsa. A ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki Naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa. Dalar da ake samu a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, wadda iyaye ke nema ta banki domin biyan kuɗin makaranta, ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Lissafin ba ya buƙatar malami: makarantar da ke karɓar Dala 5,000 a shekara, wadda a da Naira miliyan 2.3 ke biya, ta koma Naira miliyan 7.5. Makarantar ba ta ƙara ko kwabo ba, gonar ma ba ta ƙara faɗi ba. A watan Mayun 2024 labari ya bazu cewa Jami'ar Teesside da ke Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa cika kuɗinsu a kan lokaci, aka ba su wa'adin barin ƙasar. Su an ji labarinsu saboda sun ɗaga kwalaye a gaban 'yan jarida. Waɗanda suka tattaro kayansu shiru suka dawo daga Masar ko Indiya, aka ce wa maƙwabta hutu suka zo, babu mai ƙidaya su.

Waɗanda gwamnati ta tura da kanta ma ba su tsira ba. Ɗaliban shirin BEA, wanda Najeriya ke yi da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari, sun yi watanni ba alawus, sannan a 2024 aka rage shi daga Dala 500 zuwa 220 a wata. A 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da dakatar da shirin, yana mai cewa kwasa-kwasan akwai su a gida. TETFund ta daina tura malaman jami'a karatu waje daga farkon shekarar. Asusun ba da rance na NELFUND, wanda ya fara karɓar masu nema a watan Mayun 2024, shi ne ya fi kama da abin da Norwe ke da shi, amma ɗaliban manyan makarantun gwamnati na cikin gida kawai ya shafa.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce. Kuɗin da za a kashe wa ɗalibi ɗaya a Turai zai ɗauki nauyin da yawa a Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda ta zo a 2011. Ba kuma kowace takardar waje ce abin alfahari ba. Ɗan jarida Umar Audu ya nuna haka a ƙarshen 2023, da ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Amma mayar da hankali ga gida abu ne daban, sakin hannun wanda ya riga ya yi nisa a tsakiyar kogi kuma abu ne daban. Kano ta zaɓi ci gaba da turawa, inda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin a 2023 da ɗalibai 1,001. Ko a can, tarihi ya nuna cewa irin wannan shiri yana rayuwa ne da ran gwamnatin da ta kawo shi. Idan mulki ya sauya hannu, ɗalibi ne ke fara ji a jikinsa.

Abin da jiha kamar Gombe za ta iya ɗauka daga arewacin Turai ba yawan kuɗin ba ne, domin ba ta da su. Akwai abubuwan da ba su da tsada. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha tana iya riƙe rajistar duk ɗan jihar da ke karatu a waje, ko da iyayensa ne ke biya, ta kuma ajiye kwafin sakamakonsa na kowace shekara, yadda idan wata Kartum ta sake faruwa ba sai an bi ta rukunonin WhatsApp ana tambayar wa ke ina ba. Tana iya wallafa sunayen jami'o'in da NUC da MDCN suka amince da su, domin yanzu uba yana dogara ne da bakin dillalin da ke cin lada a kan kowane kai. Idan kuma jiha ta tura ɗalibi, kuɗin karatunsa har ƙarshe a ware su tun ranar tafiya, cikin dokar da sabon gwamna ba zai soke ta da takarda ɗaya ba.

Wanda ya jure duk wannan ya kammala, akwai sauran mataki. Likitan da ya yi karatu a waje ba zai taɓa majinyaci a Najeriya ba sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN, kuma ba kowa ke tsallakewa a zaman farko ba. Bayan ita sai neman gurbin shekarar koyon aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa. A tsawon wannan lokaci yana gidan mahaifinsa a Herwagana ko Kumbiya-kumbiya, 'yan unguwa suna kiransa Dokta, suna kawo masa takardar gwajin jini ya duba musu, shi kuwa kuɗin Keke Napep ma wajen mahaifiyarsa yake karɓa.