Kafin Ka Ƙara wa Laftof Ɗinka Ma'ajiya ta Biyu

Idan sandar da ke ƙarƙashin "C:" ta rikiɗa daga shuɗiya ta koma ja, Windows na sanar da kai ne cewa wurin ajiyar da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Daga nan matsaloli suke biyo juna. Sabuntawa ta ƙi sauka, kwamfuta ta yi nauyi, mai ɗaukar hoton biki ya rasa inda zai juye aikin ranar Asabar, ɗalibi ya shiga goge darussan bidiyon da ya ƙona data kafin ya sauke su. A wannan gaɓar ne mutane da yawa suke yanke hukuncin cewa laftof ɗin ta tsufa, su fara tambayar farashin wata. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau. Wuri ne ya ƙare mata, kuma mai yiwuwa a cikinta akwai gurbin da masana'anta ta bari fanko tun ranar da aka ƙera ta.

Akwai ruɗanin da ya kamata a fara kawarwa, domin yana sa mutum ya kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. RAM daban, ma'ajiya daban. Ma'ajiya rumbu ce, RAM kuwa tabarmar da ake baza hatsin da za a yi aiki da shi yanzu, da an tashi a naɗe ta. Wanda kwamfutarsa ke sandarewa idan ya buɗe shafukan intanet da yawa a lokaci guda, RAM yake nema. Wanda ake ce wa babu wurin ajiye fayil, ko wanda kwamfutarsa ke shafe mintoci kafin ta gama tashi, shi ne maganarmu ta shafa.

Ma'ajiyar laftof iri biyu ce. Akwai HDD, tsohuwar hannu, wadda a cikinta faifai ne na gaske yake juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, wani siririn hannu yana yawo a samansa yana karantawa da rubutawa. Tana da araha idan aka dubi yawan abin da take ɗauka, amma ba ta wuce kusan megabayit 100 zuwa 120 a daƙiƙa, kuma ba ta son faɗuwa ko jijjiga. Sai SSD, wadda babu abin da ke motsi a cikinta. Wadda ke amfani da mahaɗar SATA tana kai kusan megabayit 550 a daƙiƙa, mai NVMe kuwa tana iya kai 3,500, sababbi ma 7,000. Kada waɗannan manyan lambobi su ruɗe ka. Tsallen da mutum yake ji a jikinsa shi ne daga HDD zuwa kowace irin SSD. Tsakanin SATA da NVMe, mai rubutu a Word da duba imel da kyar zai lura da bambanci. Mai tace bidiyo ne zai gode.

Daga wannan bambancin ne hikimar ma'ajiya biyu ta fito. A ɗora Windows da manhajoji a kan SSD, ko da ƙarama ce mai gigabayit 256, a bar wa babbar HDD mai terabayit 1 hotuna, bidiyo, karatuttuka da takardu. An samu sauri, an samu fili, ba a biya kuɗin babbar SSD ba. Akwai kuma wata riba da ba a cika ambata ba: ranar da Windows ta lalace aka ce sai an sake ɗora ta, kayanka suna can gefe guda, ba ruwansu.

To amma duk wannan ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: ina za a sa ta? Nan ne aka fi yin asara, domin mutane kan fara da kasuwa, alhali da na'urar ya kamata a fara. Laftof ba kamar kwamfutar tebur ba ce mai faɗin ciki. Kowane lungu an auna shi.

Wuri na farko da za a duba shi ne gurbin M.2, wata 'yar mahaɗa a kan babban allon kwamfutar, inda ake soka SSD siririya, doguwa kamar yatsa. Laftof da yawa da aka sayar da HDD daga wajen 2016 zuwa gaba suna da wannan gurbi fanko. Girman da ya fi yawa shi ne 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80. Akwai kuma gajeru, 2242 da 2230. Tarkon da ke nan shi ne, M.2 siffa ce kawai. Wata SSD ɗin mai wannan siffa SATA ce, wata NVMe ce, kuma ba kowane gurbi ne yake karɓar duka biyun ba. Za ta iya shiga daram, a ɗaure noti, a kunna kwamfuta, ta nuna kamar ba a sa komai ba. Galibi mai SATA tana da tsaga biyu a bakinta, mai NVMe tsaga ɗaya, amma wannan yana gaya maka abin da ke hannunka ne kawai, ba abin da gurbin yake karɓa ba. A kula kuma da gurbin katin Wi-Fi, wanda ya yi kama da shi ainun amma tsagarsa daban.

Wuri na biyu akasin wannan ne: laftof ta zo da SSD ta M.2, aka bar gurbin inci 2.5, wato mazaunin HDD, babu komai. A nan matsalar ita ce waya. Sau da yawa gurbin yana nan, amma siririyar wayar da ke haɗa shi da babban allo, da ƙarfen da ke riƙe ma'ajiyar, ba su zo tare ba, sai an nemo na wannan samfurin takamaimai. Wani lokacin ma gurbin kansa batir ya cinye. Dell XPS 15 9560 misali ce mai kyau: wadda ta zo da batir mai 56 Wh tana da wurin ma'ajiyar inci 2.5, mai batir 97 Wh kuwa babu, domin babban batirin ya mamaye wurin. Suna ɗaya, lamba ɗaya, ciki daban. Shi ya sa "ai irin ta abokina ce" ba hujja ba ce.

Wuri na uku shi ne wanda ya fi amfanar masu laftof 'yar gwanjo, irin su HP EliteBook da ProBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad na shekarun baya da suka cika shagunan Titin Beirut a Kano, Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja. Wurin saka faifan DVD nake nufi. Yaushe rabonka da sa faifai a ciki? A yawancinsu noti ɗaya ne a ƙasa yake riƙe da na'urar DVD ɗin. A kwance shi, a ja, ta zaro gaba ɗayanta. A madadinta ana soka wani ƙoƙo mai siffarta da masu gyara ke kira kadi, wanda aka kwantar da ma'ajiyar inci 2.5 a cikinsa. Sai a ciro ɗan ƙarfen da ke bayan tsohuwar na'urar a ɗaura wa kadin, a ɓalle murfin gabanta a manna masa, ta yadda wanda bai sani ba zai rantse DVD ce har yanzu. Kadi kauri biyu ne aka fi sani, milimita 12.7 na tsofaffi masu kauri da 9.5 na waɗanda suka biyo baya, saboda haka a tafi kasuwa da na'urar da aka zaro, a gwada da ido. Kuma tunda mahaɗar DVD a wasu samfura ba ta kai ta babban gurbi sauri ba, a sa SSD a babban gurbin, a mayar da tsohuwar HDD cikin kadi. Juya wannan tsari kuskure ne da ake yawan yi saboda ƙiwar kwance ƙarin noti huɗu.

Masu tsofaffin ThinkPad irin su X220, X230, T420 da T430 suna da wata ƙofar: gurbin da aka tanada wa katin layin waya yana karɓar ƙaramar SSD da ake kira mSATA.

Akwai kuma waɗanda babu yadda za a yi da su. Duk MacBook mai ɗauke da M1, wanda ya fito a 2020, da waɗanda suka biyo bayansa, an liƙe ma'ajiyarsu da dalma a jikin babban allo. Haka ƙananan laftof masu araha irin HP Stream, masu ma'ajiyar eMMC ta gigabayit 32 ko 64. Idan aka tuna cewa Windows 11 kaɗai tana neman gigabayit 64 kafin ta yarda ta zauna, za a gane dalilin da ya sa nake ganin sayen irin waɗannan don ajiye kaya sayen wahala ne.

Yaya za ka san wane rukuni taka ta faɗa? Juya ta ka karanta cikakkiyar lambar samfurin. Dell, HP da Lenovo suna sa littafin gyaran kusan kowane samfuri a shafukansu kyauta, da zanen kowane noti da jerin ma'ajiyar da kowane gurbi ke karɓa. Bayan an karanta kuma a buɗe murfin ƙasa a leƙa, domin gani ya kori ji, musamman a na'urar gwanjo da ta bi ta hannuwa da yawa kafin ta iso gare ka.

Sai an yi wannan a je kasuwa, kuma a je da ido biyu. Araha ba ta ado. Akwai ma'ajiyar jabu da aka sauya wa lissafi, ta nuna terabayit 2 alhali 'yan gigabayit ne a cikinta. Tana karɓar kaya ba musu, sai ranar buɗewa a tarar fayilolin sun zama shara. Manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika ma'ajiyar ta sake karantawa, ta tona asirin. CrystalDiskInfo kuwa tana nuna awoyi nawa ma'ajiya ta yi tana aiki da matsayin lafiyarta, don haka wanda aka miƙa wa "sabuwa" ya ga ta yi awa dubbai ya san inda aka dosa. Amma kada a zargi mai shago a kan abin da ba laifinsa ba. Terabayit 1 zai bayyana a Windows a matsayin gigabayit 931, 500 kuma 465. Masana'antu suna ƙirga da 1,000, Windows tana ƙirga da 1,024, ba wanda ya saci komai.

Aikin sawar kansa bai da tsawo. A kwafe muhimman kaya zuwa wani wuri tukuna. Idan an kunna BitLocker, a nemo mabuɗin cetonsa mai lambobi 48 a rubuta a takarda, domin taɓa kayan ciki ko saitin BIOS kan sa ya nemi mabuɗin, kuma ba ya jin roƙo. A kashe kwamfuta gaba ɗaya, a zare caja, a cire batir, ko a zare wayarsa idan na ciki ne. A lokacin hunturu a ƙara kula: busasshiyar iskar nan da ke sa bargo tartsatsi da dare tana tara wa jiki wutar da mutum ba zai ji ba amma ta isa ta ƙona ƙaramin sashe, don haka a taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin a sa hannu, kuma a riƙe SSD ta gefunanta. Notocin laftof ba tsayinsu ɗaya ba. A jera su a kan takarda yadda aka ciro su, domin dogon noti a gajeren rami yana iya huda allo. SSD ta M.2 a karkace ake soka ta, sannan a danna ta ta kwanta, a ɗaure da ɗan notinta. Duk abin da ya ƙi shiga cikin sauƙi, ba ƙarfi yake nema ba, a sake dubawa.

Da an kunna, sabuwar ma'ajiya ba za ta fito a cikin jerin da aka saba gani ba, kuma nan ne gaban mutane ke faɗuwa. Ba ta lalace ba. A buɗe Disk Management, zai nemi a fara shirya ta. A zaɓi GPT, domin MBR tsohon tsari ne da ba ya wuce terabayit 2. A ƙirƙiri sashe, a ba shi harafi kamar D, a tsara shi da NTFS. A dubi girman kowace ma'ajiya sau biyu kafin a danna, kada a share wadda kaya ke ciki. Daga nan a shiga Properties na foldar Downloads, Documents, Pictures da Videos, a yi amfani da Location a mayar da su D. Wanda bai yi haka ba zai ga C ta sake yin ja bayan 'yan watanni, D kuma tana zaune fanko. Idan kuma SSD ce sabuwar, sai Windows ta koma kanta kafin a ga amfaninta, ko dai a kwafo ta ɗungurungum da manhaja irin Clonezilla, ko a ɗora sabuwa. Ni na fi son sabuwa, domin kwafi yana tafiya da duk tarkacen shekaru.

Wanda laftof ɗinsa gurbi ɗaya gare ta bai yi asara ba. Ya sa babbar SSD guda, ya saya wa tsohuwar ma'ajiyar akwatin USB, ta zama ta waje. A gaskiya ma ga mai yawan tafiya wannan ya fi, domin HDD a ciki tana ƙara shan batir, kuma ba ta jure kwaramniyar jaka a bayan babur tana kunne. Kuma ma'ajiya ta biyu a cikin laftof ba madadin kwafin tsaro ba ce. Ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su, kofin shayi ɗaya ne zai jiƙa su. Takardun makaranta, na fili da hotunan iyali suna buƙatar kwafi a wajen na'urar, ko a ma'ajiyar waje da ke zaune a gida, ko a gigabayit 15 da Google ke bayarwa kyauta.

Idan mai gyara ne zai yi aikin, ka tsaya a yi a gabanka, kuma ka karɓi duk ma'ajiyar da aka cire, ko da an ce za a rage maka kuɗi idan ka bar ta. Goge fayil ko gogewar gaggawa, wato Quick Format, ba sa share abin da ke kan HDD. Manhajar ceto ta kyauta tana iya dawo da hotuna, takardun banki da kwafin katin shaida. In har za ka sayar da ita, ka cire alamar Quick Format ka bar Windows ta bi ta daga farko zuwa ƙarshe tana rubuta sifili, aikin da kan ɗauki awoyi a terabayit 1.