Zuma Daga Amya Zuwa Tashar Baleyara

Ranar Lahadi, in kasuwar Baleyara ta fara watsewa, motocin Yamai da na Filinge kan cika maƙil: buhunan hatsi da wake a ciki, tumaki a sama, jarkokin fetur a gefe. Cikin wannan lodin jarkar zuma ke neman wurin zama, kuma sau da yawa a nan darajarta ke zubewa, domin zuma na shan wari, kaki kuma yana riƙe maganin ƙwari shekara da shekaru. Shi ya sa kula da amya da tsara lodi magana ɗaya ce: a raba zuma da guba.

Babbar abokiyar gabar ƙudan zuma a duniya ita ce Varroa, wata mitsitsiyar kaska 'yar asalin Asiya, wadda aka gano a Afirka ta Kudu a 1997, a Kenya kuma a 2009. Turawa sun yaƙe ta da magungunan kamfani har ta saba da wasunsu, ragowar maganin ya zauna cikin kaki. Yau da yawansu sun koma ga timol, sinadarin da ke cikin wani ganyen ƙamshi. Wani zai ce to mu ma mu sayo. A yi hattara. Timol na takura ƙuda in zafi ya haura digiri 30, alhali bazarar Dallol Bosso da ƙasar Kurfai na zarce 40. Ko man dogon yaro, da manomanmu suka amince da shi, in ya yi yawa yana kashe 'ya'yan zumar. Abin farin ciki, ƙudan Afirka na jure wa Varroa da kansa. Tururuwa da tsutsar kaki su suka fi damun mai amya, maganinsu kuwa cire tsohuwar saƙa da barbaɗa toka a gindin amya.

Batun lodi kuwa, direba zai ce kowane gurbi kuɗi ne, kuma gaskiyarsa. Amma tsari ba ya cin wuri. Yaron mota ya sa masu nauyi a ƙasa, kayan da za a sauke a ƙarshe su fara shiga, zuma ta tsaya tsaye tsakanin buhunan hatsi, baki a rufe gam, cikin inuwa. Fetur da takin zamani su koma can ƙarshen mota, kuma jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi, komai wankinta, kada a zuba mata zuma.